Malam, miye amfanin lambobin nan biyu da ake sawa cikin baka biyu?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai koko da ƙosai ce a Aboabo nan Kumasi, yarona yana JHS 2, wato aji biyu na ƙaramar sakandare, kullum sai ya dawo da aikin gida an rubuta irin su (3, 6) da (5, 10) wai a ɗiga su a littafin giraf. Ya tambaye ni ban iya ba, shi kuma yana cewa ba su da wani amfani. Dan Allah a min bayani yadda zan gane.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yaro albarka. Toh wallahi abin nan kina yin shi kullum a gindin kaskonki, rubutawa ne kawai ba ki yi.

A littafin giraf ɗin akwai layi biyu da suka gitta juna, na kwance shi ne x, na tsaye shi ne y, inda suka haɗu kuma (0, 0), daga nan ake fara kowane ƙirge. Lambar farko tana faɗa miki taku nawa za ki yi a kwance, ta biyu kuma hawa nawa za ki yi sama. Wani Bafaranshe masanin lissafi, Rene Dekat, shi ya fito da wannan tsari a rubutunsa na 1637.

A ce ƙosai ɗaya sidi 2 kike sayarwa. Sai mu ce x yawan ƙosai ne, y kuma kuɗin. Mai sayen uku ya ba ki sidi 6, shi ne (3, 6), mai biyar ya ba da 10, shi ne (5, 10). In yaron ya ɗiga su zai ga duk sun jeru a miƙe tamkar sahun sallah, kuma dalilin miƙewar shi ne farashin bai canza ba, ranar da kika yi wa wani ragi ko gyara ɗigonsa zai sauka ƙasa da layin, ido ma zai nuna miki.

Nan ne yara suka fi faɗuwa, su juya lambobin. (5, 10) ƙosai biyar ne a sidi 10, amma (10, 5) ƙosai goma ne a sidi 5, kin ga wannan ai asara ce tsagwaronta, kuma a takardar ma wuri daban ɗigon zai faɗa. Ki sa shi ya riƙa faɗa da baki kafin ya ɗora fensir: kwance tukuna, sannan sama.

Amma inda nake so ki fi lura shi ne riba, a nan y ya koma abin da ya rage bayan an cire jari. A ce kin kashe sidi 60 a kasuwar Kejetia kan wake da mai da barkono da kuɗin niƙa, ba ki sayar da ko ɗaya ba tukuna, toh kina (0, -60), wato ƙasa da layin kwance, wannan alamar ragewar tana nufin kuɗinki na waje. Kin sayar da 10 kin koma (10, -40), kin sayar da 30 kin iso (30, 0), daidai kan layin, uwar kuɗi ta dawo kenan, daga nan duk abin da ya hau sama riba ce, in kika kai 50 kina (50, 40). Ni a ganina wannan ɗigon na (30, 0) ya fi duk sauran muhimmanci ga mai sana'a, don in wake ya yi tsada jarin ya koma sidi 80 ɗigon zai matsa zuwa (40, 0), sai kin ƙara sayar da goma kafin ki fara cin guminki, kuma za ki san haka tun kafin ki hura wuta.

Game da jarabawar BECE ta kammala JHS da ke gabansa, ya kula da sikelin da aka ba shi, in an ce santimita 2 a matsayin 10 toh kar ya canza a tsakiyar layi, ya rubuta abin da kowane layi yake wakilta, ya feƙe fensir sosai don ɗigo mai kauri yana ɓata karatu. Ki ba shi cinikin kwana bakwai, rana a kwance kuɗi a tsaye, ya ɗiga miki ku ga ranar da kasuwa ta fi ci.