Shin raga waƙa ce?

Tambaya: Malam, na ji makaɗan gargajiya na Indiya suna cewa za su kaɗa raga kaza, wai har kowace tana da lokacinta. Shin raga waƙa ce? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ba waƙa ba ce, ɗan'uwa. Raga ƙa'ida ce ta tafiyar murya, kuma waƙoƙi da yawa kan hau kan raga ɗaya. Matakan sauti bakwai ne a kiɗan Indiya: Sa, Re, Ga, Ma, Pa, Dha, Ni. Raga takan ɗauki biyar, shida ko duka bakwai, ta tsara yadda za a hau da yadda za a sauko, da matakin da za a zauna a kai, da wanda za a shafa kawai a wuce.

Dubi ragogin nan biyu, Bhupali da Deshkar, waɗanda nake jin sun fi komai fito da batun fili. Matakansu biyar ne iri ɗaya: Sa, Re, Ga, Pa, Dha. Amma mai rera Bhupali yakan yi zamansa a Ga, yana tafiya a natse cikin ƙananan sautuka, kuma da dare ake yin ta. Mai Deshkar kuwa Dha yake nufa, ya tashi sama da hanzari, Re ma da ƙyar yake taɓa shi, kuma da safe ake yin ta. Kayan miya ɗaya, ɗanɗano daban. Mawaƙin da ya daɗe a Ga alhali Deshkar ya ce zai yi, masana za su ce ya ɓata ta.

Batun lokaci gaskiya ne, musamman a arewacin Indiya: Bhairav da asuba, Yaman bayan faɗuwar rana, Malhar da damina. A kudu ba su cika tsananta wannan ba. Can suna jera ragoginsu ƙarƙashin uwaye 72, a arewa kuwa masanin kiɗa Bhatkhande, wanda ya rasu a 1936, ya tara su gida 10.

Masu al'adar suna danganta tushenta da rera Samaveda, littafin ibadar Hindu, amma Musulmi sun yi fice ƙwarai a cikinta. Bismillah Khan, mai busa shehnai, 'yar'uwar algaita, Musulmi ne, kuma a birnin Banaras na Indiya ya yi rayuwarsa.

In za ka saurara, kada ka tsallake farkon nan mai suna alap, kafin ganga ta shigo. A nan makaɗi yake fito da matakan ɗaya bayan ɗaya, tanpura, wani kayan kiɗa mai tsirkiya, na riƙe masa Sa a baya.