Idan alamar hanya ta ɓace mana a dajin Tararua, mu bi rafi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗalibi ne ni a Welintan, ƙasar Niyu Zilan. Ni da abokina muna shirin tafiyar ƙafa zuwa wata bukka a tsaunukan Tararua, ta hanyar da DOC, hukumar kula da dazuzzukan ƙasar, ta sa a ajin ƙwararru. An ce alamominta jefi-jefi ne, hankalina ya ƙi kwanciya. Abokina ya ce ko mun ɓata ba komai, sai mu bi rafi ya gangara da mu gari. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gara da ka tambaya tun kana gida.

Alamarku ɗaya ce: mai kusurwa uku, ruwan lemo, a kafe jikin itace. Ruwan hoda ko shuɗi na masu ɗana wa ɓeraye da fosam (wata ƙaramar dabba mai ɓarna a daji) tarko ne, ba za su kai ku bukka ba. Idan kun haura inda itatuwa suka ƙare, turaku ko tarin duwatsu za ku bi. Kada ku bar alama sai kun hango ta gaba. Idan itace ya faɗi ya tare hanya, ɗaya ya tsaya a alamar ƙarshe, ɗaya ya zagaya ya nemo ta gaba, kuna jin muryar juna.

Sai maganar abokinka, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk sabon da ya zo koyon taswira wurina da ita yake zuwa, ya ji ta a bakin masu bidiyon intanet da ba su taɓa kwana a wannan daji ba. A gida, rafi yakan kai mutum ga mai lambu ko makiyayi. A Tararua kuwa, ƙoramar da ka tsallake da taki ɗaya a sama, kana binta ƙasa za ta matse ta zama kwazazzabo, dutse dama, dutse hagu, duk gansakuka mai santsi. Ka dirga wani gangare na mita biyu, ka ce ai ƙarami ne. Gaba kaɗan sai ga inda ruwa ke faɗowa daga bisa, ba wurin sauka, kuma abin da ka dirgo ba ya hawuwa. A jiƙe kake, rana ba ta shiga wurin, sanyi yana cin ka. Idan aka yi ruwa a kan tsauni, ko ɗigo bai taɓa ka ba ƙoramar za ta iya cika cikin ɗan lokaci. Ƙarar ruwan tana haɗiye usur da ihu, masu nema za su wuce ta samanka ba su ji ba. Ba banza ba Turawan ƙarni na 19 suka riƙa kiran nutsewa a kogi "mutuwar Niyu Zilan". Wallahi raina yana ɓaci idan na ji ana raba wa yara wannan shawara kamar goro.

Da zarar kun daina ganin alama, ku tsaya cak. Ku koma ta ƙarshe idan kun tabbatar da inda take. In ba ku tabbatar ba, ku zauna, ku ƙara sutura, ku buɗe taswirar Topo50. Ka duba layukan da ke nuna tudu, bambancin tsayi tsakanin kowane biyu mita 20 ne. Inda suka cunkushe a gefen rafi, kwazazzabon ke nan. Kamfas a can yana karkata gabas da fiye da digiri 20, ku gyara lissafi.

Ku yi hayar na'urar kiran agaji ta PLB, domin waya ba ta samun sabis a yawancin kwaruruwan. Ku bar wa wani sunan bukkar da ranar dawowa, ku duba hasashen yanayi na hukumar MetService, idan kun isa ku rubuta a littafin bukka. Ni dai da za ku ji tawa, wannan karon ku hau zuwa bukkar Powell daga mashigar dajin da ke Holdsworth, hanyarta a fili take. Waccan ku bari sai kun samu wanda ya taɓa bin ta.