Amsoshin Tambayoyinku: Yaro Mai Galahanga, Daga Asibiti Zuwa Aji

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara uku, har yanzu bai fara magana ba. Idan an kira sunansa ba ya waiwayowa, amma da an kunna talabijin sai ya taho a guje. Surukata ta ce aljanu ne, a kai shi ruƙiyya. Ta ina zan fara? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Fara da gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Jin ƙarar talabijin bai nuna kunnen lafiya lau yake ba, domin akwai yaran da ke jin ƙara mai ƙarfi amma kalmomi ba sa fita musu sosai. Bayan nan ki nemi ganin likitan yara, ya duba ko galahanga ce. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kusa da ke, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna.

Ba a gano galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, da gwajin jini ko hoton kai. Likita kallon yaron yake yi, ya saurari tarihinsa, don haka kada ki je hannu rabbana. Ɗauki bidiyo uku ko huɗu a waya, kowanne na minti ɗaya zuwa biyu: ana kiran sunansa, yana cikin yara, yana cin abinci, da duk wani motsi da yake maimaitawa. Yawancin yara kan ƙame ko su ɓarke da kuka a ɗakin likita, sai a tashi ba a ga ainihin halinsu ba. Rubuta watannin da ya zauna, ya yi tafiya, da ko ya taɓa furta kalma daga baya ta ɓace. In yakan yi zuru na 'yan daƙiƙu kamar ba ya nan, ki faɗa, saboda farfaɗiya ta fi yawa a cikin irin waɗannan yara.

Kafin ki fito, roƙi rahoto a rubuce, da sa hannu da hatimi. Shi za ki riƙa nunawa a makaranta.

Game da Hajiya surukarki, kada ki ja da ita. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne duka, turara masa hayaƙi, ko ɗaure shi da mari. Duk wanda kuma ya ce yana da maganin da ke raba yaro da galahanga, kuɗinki yake so.

TAMBAYA: Shugaban makarantar firamare ta gwamnati ya ce in ɗauke ɗana mai galahanga, ɗan shekara bakwai, wai yana hana sauran yara karatu da ihu. Yana da wannan ikon? Daga wani uba a Sakkwato.

AMSA: Malam, Dokar Hana Nuna Bambanci ga Masu Nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su karɓi masu nakasa tare da sauran ɗalibai, kuma kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar dominsu. Mutumin da aka samu da laifin nuna bambanci na iya biyan tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Ta hukuma ko kamfani naira miliyan ɗaya ce.

Amma kada ka buɗe zaman farko da doka. Malamin da ke fama da cikakken aji, idan aka tsorata shi, zai bar yaron a kujera ya manta da shi. Rubuta wasiƙa kwafi biyu, haɗa da rahoton likita, a sa hannu da kwanan wata a kan naka kwafin. Koken baka shi ne babban kuskuren iyaye: gobe sai a ce ba a yi ba.

A cikin wasiƙar nemi abubuwan da ba sa cin kuɗi. A zaunar da shi gaba, nesa da taga da ƙararrawa. A gaya masa saura minti biyar kafin a canza darasi. A manna masa jadawalin hotuna a benci. Ya fara da awa biyu a rana na mako biyu, sannan a ƙara. Sayi ƙaramin littafi da malami zai riƙa rubuta abu uku: me ya faru kafin ihun, me yaron ya yi, me aka yi masa bayan nan. Sau da yawa cikin mako biyu za a ga ihun lokaci guda yake zuwa, ko gab da tara saboda yunwa, ko sa'ad da aji ya ɗauki haddar baki ɗaya. Ihun nan ba taurin kai ba ne, bulala kuwa ƙara shi take yi.

In an ƙi, kai takardar ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, sannan Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam. Nemi wasu iyaye biyu ko uku masu irin matsalarka ku tafi tare.

TAMBAYA: 'Yata mai galahanga takan sulale ta fita ba wanda ya sani. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Ɗaga sakatar ƙofa sama inda hannunta ba ya kaiwa, ki rataya 'yar ƙararrawa a jikin ƙofar. Ɗinka lambar waya a cikin rigunanta, domin katin wuya cire shi za ta yi. Sanar da mai shago da maƙwabta cewa ba lallai ta amsa kira ba. Ruwa yana jan irin waɗannan yara, saboda haka a yi wa rijiya murfi da kwaɗo. Ranar da aka neme ta aka rasa, a fara duba rijiya da kududdufi kafin a nufi titi.