Hukuncin Wanda Ya Kasa Daina Cacar Ƙwallo A Waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina buga cacar ƙwallo a waya. Nakan tuba, amma da zarar kuɗi sun shigo asusuna sai in ga na zuba su kafin in yi tunani. Shin ina da uzuri tunda abin ya fi ƙarfina? Kuma yaya zan yi da abin da na ci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan caca ce ko da an sa mata suna "bet", domin kowa yana zuba kuɗi ne a kan sakamakon da bai sani ba, wani ya ci wani ya tashi a tutar babu. Allah Ya haɗa ta da giya a Suratul Ma'ida aya ta 90, Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan. A Bukhari da Muslim, wanda ya ce wa abokinsa "zo mu yi caca" an umarce shi ya yi sadaka, tun bai ma buga ba.

Abin da kake ji gaskiya ne, ba na ƙaryata ka. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya caca cikin cututtukan kamu, sahu ɗaya da ƙwaya. Mai wannan lalura yakan fifita ɗan abin da zai samu yanzu a kan babban abin da sai an jira, kuma ranar da wasa ɗaya tak cikin wasannin da ya zuba wa kuɗi ya yanke masa tikiti, ranar ce ya fi ƙwallafa rai a kan ramuwa. Alƙur'ani ya ce an halicci mutum daga gaggawa.

Sai dai wannan bai sauke maka nauyi ba. Mutum uku aka ɗauke wa alƙalami: mai barci, yaro da mahaukaci. Kai da hankalinka, shi ya sa ma kake nadama. Zunubin yana nan, ƙofar tuba kuma a buɗe take ko sau nawa ka faɗi.

Inda nake son ka tsaya shi ne aya ta 5 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana a miƙa dukiya ga mai wauta wajen sarrafa ta. Daga nan malamanmu na Malikiyya suka halatta a hana ko baligi taɓa dukiyarsa idan yana ɓarnatar da ita. To kada ka jira alƙali. Tunda ka san minti biyar ɗin farko bayan shigowar kuɗi ne ke kayar da kai, ka damƙa katin bankinka ga mahaifinka ko yayanka amintacce, ka goge manhajar, ka rufe asusun cacar, ka bar majalisar da ake lissafin wasanni. Idan ya ci tura, ka ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Dawanau ta Kano da Kware ta Sakkwato. Neman magani ba abin kunya ba ne.

Kuɗin da ka ci kuwa ba naka ba ne. Ka cire uwar kuɗinka, sauran ka ba mabuƙata ko ka sa a aikin amfanin jama'a da niyyar rabuwa da haram. Bashin da ka ciwo domin caca wajibi ne ka biya, amma ba da wata cacar ba.

Allah ne Mafi sani.