Tambaya da Amsa: Hoton biki cikin hunturu a gindin dutsen Kwatarkwashi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya sanyi. Ni ƙaramin mai hoto ne nan Gusau, fasfo da hoton suna da walimar sauka su ne aikina, to ƙanwar abokina za a aurar cikin Janairu kuma sun ce ni zan ɗauki bikin. Ba babban biki ba ne, ba dina ba hol ba makaɗa, ɗaurin aure ne da wuni cikin gida, dangi na jiki kawai ba za su wuce mutum 30 ba. Sai dai asalinsu 'yan Kwatarkwashi ne, amaryar ta ce ita burinta a yi mata hoto da ango gindin dutsen garinsu. Damuwata hazo, don bara da munka yi hoto a waje wanga lokaci duk sun fito fari fat kamar an watsa musu toka. Kyamarata Canon ce ta hannu, da lens (gilashin gaban kyamara) 18-55 mai zuƙowa da wani 50mm da na saya kwanan nan, sai filash guda. Don Allah a ba ni shawara kar in ji kunya.

Mai hoto daga Tudun Wada, Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya alheri ya ba su zaman lafiya. Kayan da ka lissafa sun isa, kar wani ya sa ka cin bashi kan sabon lens.

Bari in fara da hazon tunda shi ya hana ka barci. Ƙurar nan da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, da yawanta daga ƙasar Chadi, tana rataye ne tsakanin kyamararka da abin da kake ɗauka, duk yadda tazara ta ƙaru haka ƙurar da ke tsakani ke ƙaruwa, shi ya sa abu na nesa ke dusashewa na kusa kuma ya fito tas. To maganin a ƙafarka yake, matsa kusa. Kar ka tsaya bakin titin Funtuwa ka ce za ka haɗa dutsen gaba ɗaya da ango da amarya a hoto guda, dutsen zai koma wata inuwa mai ruwan toka su kuma su zama 'yan mitsi-mitsi. Ku shiga har gindinsa inda manyan duwatsun suke, jikin dutsen ya zama bayansu, ka rage sararin sama a hoton iya yinka don a Janairu saman fari ne fayau ba shuɗi ba gajimare, babu abin kallo a cikinsa. Hoto ɗaya ko biyu na nesa ya isa, don a san dai ina aka je.

Kuma hazon nan yana da ranarsa fa. Yana tace zafin rana, haske ya sauka a fuska a hankali, ba baƙar inuwa a ƙarƙashin ido da ƙarƙashin hula irin wadda muke fama da ita a bazara, ba gumi, kwalliyar amarya ba ta narkewa. Ni a wurina hoton fuska na hunturu ya fi na watan Afrilu nesa ba kusa ba.

Inda ake samun matsala shi ne kyamara tana ganin farin sama da farar shaddar ango sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage da kanta, fuskoki su yi duhu, kai kuma in ka zo editin ka ja haske da ƙarfi sai hoton ya yi wannan fari-farin da kake faɗa. Ka auna haskenka a fuskar amarya, ko kuma ka ƙara hasken da kyamara ta auna da kamar mataki ɗaya (+1), ka leƙa ka tabbata aikin zaren babbar rigar ango bai ɓace cikin fari ba, in ya ɓace ka rage kaɗan. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, memori zai cika da wuri amma shi zai ba ka damar gyara launi daga baya, kuma a Lightroom, manhajar gyaran hoto, akwai Dehaze mai rage hazo, ka taɓa shi kaɗan kawai, in ka cika hannu fatar mutane za ta ƙone ta yi wani iri. 50mm ɗinka a ƙaramar Canon yana aiki kamar 80mm, daidai hoton mutum biyu, sa buɗewar lens ɗin f/2.8, saurin shota kar ya gaza 1/250 na daƙiƙa saboda iska za ta riƙa kaɗa mayafi. Hoton dangi a jere kuwa f/5.6 don na baya ma su fito.

Filash ɗin da ke kan kyamara ka kashe shi a waje. Yana haska ƙurar da ke gaban lens sai ka ga fararen ɗigo-ɗigo birjik a hoto. Farin kwali babba na 'yan makaranta a hannun abokin ango, ya karkato shi ta ƙasan fuskarsu, ya gama maka aikin. Kar ka canza lens a fili, ƙura in ta sauka kan sensa, wurin da hoto ke sauka cikin kyamara, duk hotunan da suka biyo baya za su ɗauki tabo a wuri ɗaya, ka shiga mota ka rufe gilas, bakin kyamara na kallon ƙasa. Kuma kar ka goge lens da bakin riga, ƙurar tana da yashi, ka fara hure ta da 'yar robar hura iska kafin kyalle ya taɓa.

Lokaci. A Janairu rana tana fitowa wajen 7 ta faɗi kusan 6 da rabi a yankinku, amma ranar da hazo ya yi kauri tun kafin 6 ta nutse cikin ƙura, wanda ya ce zai jira jan hasken faɗuwar rana sai ya dawo hannu rabbana. Ni da za a bi tawa, washegarin ɗaurin aure da safe, 8 da rabi zuwa 10, sanyin asuba ya sassauta amarya ba ta karkarwa. Akwai kuma maganar da ta fi hoto, kai ma ka san halin rashin tsaro da hanyoyinmu suke ciki. A tambayi dangin da ke zaune Kwatarkwashi a daren da kuma safiyar, in sun ce a dakata a dakata, a gaida mai unguwa a sanar da shi, mota ɗaya mutum biyar, ba hawa can sama, ba sanarwa a sitatus kafin a dawo, minti 40 ku juyo. Batun jirgi maras matuƙi ma kar ka fara, jihar da a 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a samanta ba wurin gwajin wannan ba ce.

Ka gaya wa ƙawar amarya ta riƙo man leɓe da man kaɗanya, kaushi da fasasshen leɓe ba sa ɓuya a 50mm, musamman in za ka ɗauki hannu da lalle da zobe. A shafa a hannu da ƙafa, goshi kuwa a bar shi don ƙyalli. Silifas ta taka dutse da shi, takalmin mai tsini a sa in an tsaya. Ango ma a duba gwiwar hannunsa da dunduniya, maza sun fi sakaci a nan.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba. Dutsen nan hoto goma ne ko sha biyar, bikin kuwa yana cikin gida, kuma mutum 30 gata ne babba a wurin mai hoto don babu mai tare maka gaba da waya, kowa kana iya samunsa. Kar ka ɓata wunin kana jera mutane kana cewa a kalli nan. Tsaya gefe da 18-55 ka jira. Kaka zaune bakin murhu ta lulluɓa da zane tana ɗumama hannu, tururin fanke da shayi da safe, gwaggo na gyara wa amarya ɗaurin kallabi da fil a bakinta, lokacin da aka kai ta ɗakin mahaifinta yin sallama ta sunkuyar da kai mayafi ya rufe fuska sai hannunta da ya riƙe gefen tabarma. A irin wannan wurin ba filash, ba magana, hoto biyu uku ka fita. Cikin ɗaki ka kashe ƙwan lantarki don yana rikita launi, ka ɗage labule ka zaunar da ita tana fuskantar ƙofa, ISO, wato ƙarfin jan hasken kyamara, ka kai shi 1600 ko 3200 ba komai.

Sai dai kai namiji ne a cikin gidan mutane. Tun kafin ranar ka zauna da abokinka da wata babba a gidan a faɗa maka ɗakin da za ka shiga da wanda ba za ka shiga ba, da matan da ba sa so a ɗauke su, in da hali a haɗa ka da wata ƙanwarsu ta riƙa yi maka iso. Batir biyu a cike tun dare don ba a dogara da wuta, in ka dawo ka kwafe hotunan wuri biyu kafin ka goge memori. Kuma ko ɗaya kar ya hau Facebook ko TikTok ɗinka da sunan talla sai ango da amarya sun zaɓa da kansu sun ce ka sa.