In ajiye aikin bincike in koma rubuta labaran kimiyya?

Tambaya: Na daɗe ina bincike kan cututtukan amfanin gona a wata cibiya. Na gaji da jiran kuɗin bincike, ina so in koma 'yar jarida mai zaman kanta a fannin kimiyya. Na ɗan tara kuɗi. In ajiye aiki in sayi kyamara da sabuwar kwamfuta?
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Malama, kada ki ajiye aikin tukuna. Mai zaman kansa ba shi da albashi, sai an buga labarinsa ake biyansa, kuma kuɗin kan yi jinkiri. Ki fara gwadawa a ƙarshen mako ki ga ko editoci za su saya.

Ba kowace kafa ce ke biya ba. The Conversation Africa, wadda ta fara aiki a 2015, tana buga rubutun masu bincike amma ba ta ba su ko sisi. Duk da haka wurin koyo ne mai kyau, don editocinta za su tsefe miki rubutun. SciDev.Net kuwa, wata kafar labaran kimiyya ta intanet, tana biyan masu zaman kansu. Ba labari sukutum ake aika musu ba, gajeren bayani ake turawa: mene ne sabo, wa za ki tambaya, me ya sa yanzu. Shafin The Open Notebook ya tara misalan irin wannan bayani da editoci suka amsa, kyauta ne.

Inda za ki sha wuya shi ne sauya salon rubutun da kika saba da shi. Mai bincike yana ajiye sakamako a ƙarshe, ɗan jarida da shi yake buɗewa. Sannan kada ki rubuta labari kan cibiyarku ko kan abokan bincikenki, edita na ganin haka zai janye. Abin da kika fi wasu kuwa shi ne harshe da sanin gona. Lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kaduna da Kano a 2016, wanda zai zauna da manomi ya ji ta bakinsa, kuma ya fahimci rayuwar ƙwaron, shi ke da labari.

Kyamara kam ki bar ta, wayarki za ta ɗauki murya da hoto. Tsohuwar kwamfutar ma ta isa muddin tana kunnuwa. Kuɗin ki kashe su a ƙaramin sola, data, da kuɗin mota zuwa gonaki. Ki kuma buɗe asusun dala a banki, don karɓar kuɗi daga kafafen waje, tun kafin a tambaye ki lambarsa.