Dillali ya ce in gauraya talha da hashab kafin in fitar da ƙaro waje

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Gadarif, ƙasar Sudan. Na tara ƙaro iri biyu, kusan ƙindar 350 na hashab mai tsada da ƙindar 90 na talha mai araha (ƙindar ma'auni ne na wajen kilo 45), ina so in fitar da kwantena ɗaya ta tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan. Dillalina ya ce in gauraya su in sayar a farashin hashab, wai ba mai ganewa, kuma zai samo min takardun fitarwa na wani. Jarina ke nan gaba ɗaya, hankalina bai kwanta ba. Shin akwai tallafin gwamnati da zan nema?

Amsa: Alhaji, gara da hankalinka bai kwanta ba. Bari in fara da tallafi don in sallame shi. Babban abin da gwamnati ta yi wa irinku shi ne a 2009, lokacin da ta soke damar da Kamfanin Ƙaro yake riƙe da ita shi kaɗai tun 1969 ta fitar da ɗanyen ƙaro. Shirye-shiryen da suka biyo baya galibi ƙungiyoyin masu tsaga itace suka nufa, ta hannun Hukumar Gandun Daji. Kai ɗan kasuwa abin da zai same ka zakka ce da kuɗin jiha da na daji da na kan hanya. Ka sa su cikin lissafi tun yanzu, kada ka jira wani ofis.

Takardun aro kuwa, ka bar su. Fom ɗin EX, takardar fitar da kaya, da sunan mai sijil (rajistar mai fitarwa) banki yake bayarwa, kuɗin kaya kuma asusunsa za su shiga. In ya riƙe, da wace takarda za ka kai ƙara? Ka yi naka sijil a Ma'aikatar Kasuwanci, ko ka sayar wa kamfani mai fitarwa a Bur Sudan ka karɓi kuɗinka. Wa'adin dawo da kuɗin fitarwa Babban Banki yana yawan sauya shi, sai ka tambayi bankinka kafin ka sa hannu a kwangila.

Yanzu ga inda dillalinka zai kai ka ya baro. Wannan magana ta "ƙaro ai ƙaro ne" kullum sai an zo da ita, kuma masu yaɗa ta ba su taɓa tsayawa a ɗakin gwaji ba. Tun a tabarmar tsinta ma matan da ke aikin suna rarrabewa. Hashab dunƙule ne mai tauri, in ka fasa shi cikinsa yana ƙyalli kamar gilashi. Talha kana matsa shi yake marmashewa, ya fi duhu, bayan doguwar tafiya a mota za ka tarar da gari a gindin buhu. Dillali zai ce a farfasa su ƙanana a rufe ido. To, mai saye a Faransa ko Jamus ba da ido yake saye ba. Narkar da samfur yake a ruwa, ya haska shi a na'ura. Hashab yana karkatar da hasken hagu, tsakanin -26 da -34. Talha dama yake karkatar da shi, wajen +50. Yi lissafi da kayanka: talha kusan kashi ɗaya cikin biyar ne, na'ura za ta nuna wajen -14. Ko kashi ɗaya cikin goma ka zuba, -22 za ta nuna, ka riga ka fita daga iyaka. Gwajin nan ba ya cin rana guda.

Me ya sa suke tsanantawa? Masu lemon kwalba hashab suke nema domin shi ke riƙe man ɗanɗano a cikin ruwa ya hana shi tasowa sama, sunadarin gina jiki da ke cikinsa ya kusa ninka na talha. In gaurayen ya shiga masana'anta lemo ya rabu a kwalba, kanka za a dawo. Mafi sauƙin hukunci a biya ka farashin talha a kan kwantena duka. Mai tsanani a ƙi kayan, ka biya ajiya a tashar ƙasar wani da kuɗin dawo da su. Kuma wannan algus ne, Alhaji, ka san hukuncinsa a addini ba sai na karanto maka ba. Abin haushin, talha yana da kasuwarsa, masu alewa suna saye, shi ma E414 ne a doka, lambar ƙaro a jerin abubuwan da ake sawa a abinci. Asarar ganganci ce kawai.

Haka masu yayyafa ruwa don ƙarin nauyi. Kada laima ta wuce kashi 15 cikin 100. Jiƙaƙƙen ƙaro a kwantena mai zafi curewa yake, ya yi fumfuna.

Ka ware su, ka tsince ɓawo da yashi, ka tankaɗe garin daban, ka shanya a inuwa, ka ɗura a sababbin buhuna masu kilo 50 da sunan kowane iri a jiki. Ka ɗebi samfur daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, ka kai Hukumar Ma'auni da Inganci kafin a yi lodi. Tan ɗaya ƙindar 22 ne da ɗan ɗori, hashab ɗinka bai kai tan 16 ba, shi kaɗai ba zai cika kwantena ba. Ka cike da hashab, ko ka loda talhan a gefe da sunansa a takarda. Rasit ɗin kasuwar da ka sayi kowane kaya ma ka adana, domin tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ƙaron Kordofan da Darfur yake fita ta ɓarauniyar hanya, masu saye sun koma tambayar daga ina kaya suka fito.